Tambayoyi da Amsoshi kan Saitin Tagwayen Kafireta a Tsofaffin Motocin Gudu

Duk wanda ya mallaki tsohuwar motar gudu mai kafireta biyu, irin su MGB, Triumph TR4, Volvo P1800 ko Datsun 240Z, ya sha jin ana cewa tagwayen kafireta ba sa zama lafiya, yau a saita su gobe su kwance. Ban yarda da wannan magana ba. Kafiretar da ba ta cinye ba, idan aka bi tsari wajen saita ta, tana iya yin shekara ba a sake taɓa ta ba. Gaggawar hannu ce ta jawo mata baƙin jini: mota na fara tari sai a ɗauko sukudireba a nufi kafireta, alhali sau da yawa ciwon yana wani wuri. Amsoshin nan sun fi karkata ga kafireta ƙirar SU, domin ita ce ta cika motocin gudu na Ingila daga shekarun 1950 zuwa na 1970, amma an taɓo ƙirar Stromberg da ta Weber inda hanyarsu ta bambanta.

Me ya sa tun farko aka sa wa waɗannan motoci kafireta biyu?

Domin inji ya shaƙi iska sosai, kuma kowace silinda ta sami rabonta daidai. Idan kafireta ɗaya ce a tsakiyar doguwar manifol, wato bututun da ke kai haɗin iska da fetur zuwa silindu, silindun da ke kusa da ita sukan fi na nesa samun fetur, kuma haɗin yana bin kwana-kwana kafin ya isa. Da kafireta biyu, hanya ta gajarta kuma ta miƙe. A injin MGB mai cc 1,798, ta gaba tana ciyar da silinda ta 1 da ta 2, ta baya kuma ta 3 da ta 4. A Datsun 240Z mai silinda shida, kowace tana ɗauke da uku. Akwai wani siririn bututu da ya haɗa ɓangarorin manifol biyu domin su riƙa taimakon juna a lokacin silo, wato sa'ad da inji ke aiki ba a taka totur ba, kuma wannan bututun ne ya sa duk abin da ka yi wa ɗaya sai ka ji alamarsa a ɗayar.

Daidaitawa da saiti, ba abu ɗaya ba ne?

Ayyuka biyu ne, kuma akwai na farko akwai na biyu. Daidaitawa ita ce a sa kafiretocin su ja iska kai ɗaya, su kuma buɗe tare idan aka taka totur. Saitin haɗi shi ne a gyara yawan fetur da kowace ke zubawa a cikin iskar da ta ja. Iska ake fara gyarawa. Wanda ya fara da fetur yayin da ɗaya ke jan iska ninkin ɗayar, duk abin da ya saita zai rushe da zarar ya daidaita iskar.

Ta yaya zan gane cewa nawa sun saɓa?

Inji yana girgiza a silo, ko silon ya ƙi sauka sai a hankali bayan ka ɗaga ƙafa. Wani lokaci motar kan yi ɗan jinkiri daidai lokacin da ka fara taka totur daga tsaye, sannan ta fizga. Kamar mutum biyu ne suka ɗauki dogon katako, na gaba yana sauri na baya yana jan ƙafa: za su isa, amma da fizge-fizge. Alamar da ta fi kowace faɗin gaskiya tana jikin fulogi. Ka kwance su duka ka jera bisa lambarsu. Idan biyu na gaba sun yi baƙi da kunkunniya, biyu na baya kuma sun yi fari fat, ka san kafiretocin ba magana ɗaya suke yi ba. Launin da ake so shi ne ruwan ƙasa mai haske a kan dukansu.

To, zan iya fara juya notin saitin kafireta yanzu?

A'a, kuma wannan ce amsar da na fi so mai karatu ya riƙe a duk shafin nan. Kafireta ita ce ta ƙarshe a layi. Ba ta da wani aiki sai amsa zuƙar da inji ya yi mata, don haka duk wani lahani da ke cikin injin zai bayyana a kanta kamar nata ne.

Ka fara da matsin silinda. Idan wata ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, ba saitin da zai sa silo ya kwanta. Daga nan sai tazarar bawul. A MGB ta farko-farko, littafin kamfani ya ba da inci 0.015, wato milimita 0.38, inji a sanyaye. Bawul ɗin da ya matse yana canza yadda silindarsa ke zuƙa, sai ma'aunin iska ya nuna maka bambancin da ba na kafireta ba ne.

Sai wuta. Fulogi masu kyau da tazarar da littafi ya faɗa, galibi inci 0.025 a motocin Ingila na wancan zamani. Kontak mai tsabta da tazarar inci 0.014 zuwa 0.016 a distiributar Lucas. Wayoyin fulogi da murfin distiributa marasa tsagewa. Sannan taimin, da fitilar taimin, ba da kunne ba. Ka kuma tabbata na'urar da ke matso da wuta gaba idan inji ya ɗau gudu ba ta maƙale ba, domin a tsofaffin distiributoci ma'aunanta na ciki kan yi tsatsa su daskare. Kanikawan da suka daɗe da waɗannan motoci sukan ce yawancin ciwon kafireta a distiributa yake kwana, kuma abin da suke gani kullum ne ya sa su faɗin haka.

Na ƙarshe shi ne satar iska. Gasket ɗin manifol, tiyon da ke zuwa tukunyar birki, siririn tiyon distiributa, da kuma ramukan da sandar totur ke juyawa a ciki. Inji yana silo, ka fesa ɗan maganin wanke kafireta a kowane mahaɗi. Inda sautin inji ya canza, nan ne iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Ka yi wannan da taka-tsantsan, domin a yawancin waɗannan injuna manifol ɗin hayaƙi mai zafi yana ƙarƙashin kafiretocin ne kai tsaye. Abin kashe wuta ya kasance kusa da hannunka, kuma ƙofar gareji a buɗe, saboda hayaƙin injin da ba shi da matatar hayaƙi ta zamani yana kisa a rufaffen ɗaki ba tare da mutum ya ankara ba.

Yaya SU take aiki? Na buɗe ta na ga ba ta da tarin jet kamar sauran.

Jet ɗaya gare ta, wato ramin da fetur ke fitowa ta cikinsa, da allura ɗaya mai tsini, da fistin ɗaya da ke hawa da sauka a cikin ƙoƙon da ke samanta. Iyalan Skinner ne suka ƙirƙiro ta a Ingila a farkon ƙarni na 20, kuma tsarin bai canza sosai ba har aka daina sa ta a sababbin motoci. Idan ka buɗe totur, zuƙar inji tana ratsawa ta wani rami zuwa saman fistin, sai fistin ya ɗaga. Ɗagawarsa tana faɗaɗa hanyar iska, kuma tana zaro allurar daga cikin jet. Tun da allurar tana sirancewa zuwa ƙasa, gwargwadon fitowarta gwargwadon fetur ɗin da ke samun hanya. Saurin iska a kan bakin jet kusan ɗaya ne a kowane gudu, shi ya sa jet ɗaya ya wadatar.

Abin lura a nan shi ne siffar allurar ce ke yanke hukuncin haɗi daga silo har zuwa ƙarshen totur. Notin da kake juyawa yana ɗaga jet ne ko ya sauke shi, wato yana matsar da dukan ma'aunin sama ko ƙasa. Idan allurar ba ta injin ba ce, ko ta cinye, za ka iya samun silo mai daɗi amma a kan hanya mota ta riƙa shaƙewa. Lambar allura tana jikin gindinta, kuma dole ta zama iri ɗaya a kafiretocin biyu. Haka ma sifirin ɗin fistin, wanda ake bambantawa da launin fenti. Na MGB ja ne.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata?

Sukudireba mai faɗin baki, ƙananan sifanu na ma'aunin inci, fila geji, agogon juyin inji, da ma'aunin iska. Uni-Syn shi ne sanannen tsohon ma'auni: ana kifa shi a bakin kafireta, wani ɗan ƙwallo ya tashi a cikin bututun gilashi. Illarsa ita ce yana ɗan toshe iska, don haka a ɗora a karanta a ɗauke da sauri. Akwai wani irin mai allura da lambobi wanda ba ya shaƙe inji sosai, kuma shi na fi so. Littafin gyara na motarka ya fi duk waɗannan muhimmanci, domin alƙaluman sun bambanta daga shekara zuwa shekara ko a mota iri ɗaya.

Yaya ake daidaita iskar, daki-daki?

Ka fita da motar ta yi tafiya har inji ya yi zafin aikinsa sosai. Zafin tsaye a gareji ba ya isa, domin manifol da man inji ba sa ɗumama yadda ya kamata. Ka dawo, ka kashe, ka cire matatun iska.

Kafin komai, ɗaga kowane fistin da yatsa ka sake shi. Ya kamata ya sauko sumul ya buga ƙasa da ɗan ƙara mai kaifi. Wanda ya maƙale ko ya sauka shiru yana da matsalar da sai an warware ta tukuna.

Yanzu ka raba kafiretocin. A tsakaninsu akwai sanda da ke haɗa totur ɗinsu, da maƙalai masu noti a kowane gefe. Sassauta su har kowace kafireta ta zama tana buɗewa ita kaɗai. Mutane da yawa nan suke tsallakewa, sai su yi ta juya sukurun silo na ɗaya alhali sandar tana jan ɗayar tare da ita. Ka kuma ja da sukurorin saurin cok, wato na'urar ƙara fetur don tayar da inji a sanyi, baya yadda ba sa taɓa komai, ka tabbata cok ya koma gida gaba ɗaya.

Warware sukurun silo na kowace har faifan totur ya rufe ruf, sannan ka mayar da shi har ya taɓa, ka ƙara juyi ɗaya da rabi. Idan ba ka san inda aka bar jet ba, ka mayar da shi mafari: a SU samfurin H da HS, ɗaure notin da ke ƙasa har bakin jet ya yi daidai da gadar da fistin ke sauka a kai, sannan ka sauke shi juyi biyu cikakku. Notin yana da fuska shida, don haka juyi biyu fuska 12 ke nan, kuma da fuska ake ƙirga saitin SU. Wannan ya isa inji ya tashi.

Tayar da inji, ka auna ta gaba, ka auna ta baya. Wadda ta fi ja, rage mata. Idan silo ya faɗi da yawa, ƙara wa ɗayar. Ka ci gaba da kai-komo har ma'auni ya nuna abu ɗaya a duka biyun, silo kuma ya tsaya inda littafi ya ce, wanda a yawancin waɗannan motoci yake tsakanin juyi 700 da 900 a minti. Duk bayan minti uku ko makamancin haka, ka ɗaga inji zuwa juyi 2,500 na rabin minti domin ya share fetur ɗin da ya taru a manifol, in ba haka ba karatunka zai riƙa yaudararka.

Gaskiya ne ana iya yi da tiyo da kunne kawai?

Gaskiya ne, kuma littattafan gyara na wancan zamani sun koyar da hakan. Ka sa bakin tiyo ɗaya a kunne, ɗaya bakin a gefen mashigar iska, ka saurari shuuu ɗin da take yi, sannan ka koma ɗayar. Sharaɗin shi ne tiyon ya tsaya a wuri iri ɗaya da kusurwa iri ɗaya a duka biyun, domin matsawar milimita kaɗan tana canza sautin. Kunnen da ya saba yana kaiwa kusa ƙwarai. Ga mai koyo, ma'auni ya fi, saboda ido ba ya gardama da lamba. Ka kula da fanka da fambel yayin da ka sunkuya.

Na daidaita iska. Yaya zan saita fetur?

A H da HS, sauke noti yana ƙara fetur, ɗaga shi yana ragewa. Da farko ka riƙa juya na kafiretocin biyu tare, fuska ɗaya-ɗaya, kana jira daƙiƙa kaɗan bayan kowace juyawa, har ka sami inda inji ya fi sauri da santsi. Idan silo ya hau, ka sauke shi da sukurorin silo biyun daidai wa daida.

Daga nan sai gwajin ɗaga fistin, wanda shi ne ke nuna halin kowace ita kaɗai. A gefen jikin kafiretar akwai ɗan fil da ake turawa sama. Idan babu, siririn sukudireba ya isa. Ɗagawar kaɗan ce ƙwarai, kimanin milimita 0.8, kuma ana ƙirga ta ne daga inda fil ɗin ya taɓa fistin, ba daga inda ya fara motsi ba. Idan inji ya ɗan ɗaga murya sannan ya koma yadda yake, haɗin ya yi. Idan ya ɗaga ya ci gaba da gudu, fetur ya yi yawa, ka ɗaga noti fuska ɗaya. Idan ya faɗi nan take kamar zai mutu, fetur ya yi kaɗan. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga fistin da yawa, wanda zai sa kowane inji ya nemi mutuwa, sai mutum ya yi ta ƙara fetur har fulogi su yi baƙi.

Saboda bututun nan da ya haɗa manifol, gyaran ta gaba yana taɓa ta baya. Don haka za ka je ka dawo sau da dama, kuma haka aikin yake, ba alamar ka ɓata ba ce. Salansa ma tana ba da labari. Bugu mai tsari kamar inji yana sukuwa, da baƙin hayaƙi, fetur ne ya yi yawa. Tsallake-tsallake marar tsari da ɗan tari, fetur ne ya gaza.

Akwai Colortune, fulogi mai gilashi da ke nuna launin wutar cikin silinda: rawaya yawan fetur, shuɗi mai kyau daidai, shuɗi mai fari-fari ƙarancin fetur. A injin silinda huɗu sai a duba ɗaya daga biyun gaba, ɗaya daga biyun baya. Wanda ya sa na'urar auna iskar hayaƙi a salansa zai ga lamba kai tsaye. Fetur zalla yana ƙonewa cif a kan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi, amma cikakken ƙarfi yana son wajen 12.5 zuwa 13, kuma tsofaffin injuna sukan fi natsuwa a silo idan fetur ɗin haɗin ya ɗan fi na ma'aunin 14.7 yawa. Sai dai na'ura ɗaya a salansa matsakaicin kafiretocin biyu take nunawa. Ɗaya na iya yin yawa ɗaya kaɗan, lambar ta fito kyakkyawa.

Idan ka gama, notocin biyu su kasance kusa da juna, bambancin fuska ɗaya ko biyu. Idan ɗaya na kan 10 ɗaya na kan 18, ba saiti ka yi ba, ka rufe wata ɓaraka ne. Ka sake auna iska, ka mayar da matatun iska, ka sake saurara, domin matata kan ɗan ƙara fetur.

Tawa ba ta da noti a ƙasa.

To mai yiwuwa HIF ce ko Stromberg. HIF, wato SU ta baya-baya wadda ta shigo MGB a farkon shekarun 1970, tana da tukunyar fetur a ƙarƙashinta, kuma sukuru ne a gefe: ɗaure shi ciki yana ƙara fetur, warware shi yana ragewa. Stromberg CD tana kama da SU, amma faifan roba ne ke ɗaga fistin ɗinta. Robar nan idan ta huje ko da ƙanƙanin rami ne, fistin ba ya tashi sosai, mota ta rasa ƙarfi, don haka ita ake fara ɗagawa a haska. A Stromberg na baya-baya, irin na TR6 da aka kai Amurka, allurar ake ɗagawa ko saukewa ta sama da wani maɓalli na musamman mai riƙe fistin. Wanda ya yi amfani da maɓalli zalla ba mariƙi zai murɗe robar ta yage.

A silo sun daidaita, amma da na taka totur sai su saɓa. Me ya faru?

Wajen ɗaure sandar tsakiya ne. Hannayen da ke kan sandar su ne ke tura totur ɗin kowace kafireta, kuma dole su fara turawa a lokaci guda. Ana barin 'yar tazara kafin su taɓa, domin wayar totur kada ta riƙe faifan a buɗe. Littafin MGB mai HS4 ya ba da milimita 0.3 da ake sa fila geji a auna. Bayan ka ɗaure, ka ja wayar totur a hankali kana kallon fistin biyun: su tashi tare, su tsaya tsayi ɗaya. Sannan ka riƙe inji a wajen juyi 1,500 zuwa 2,000 ta hanyar jan wayar, ba ta tura hannun kafireta ɗaya ba, ka sake aunawa. A ganina wannan awon ya fi na silo muhimmanci, domin a nan mota take yin yawancin tafiyarta.

Wane mai ake zubawa a saman ƙoƙon, kuma me yake yi?

Yana hana fistin zabura sama idan aka taka totur da sauri. Wannan ɗan jinkirin yana ƙara zuƙa a bakin jet, sai ƙarin fetur ya fito daidai lokacin da ake buƙatarsa. SU ba ta da famfon feshin fetur, wannan man ne a madadinsa. Idan ya ƙafe, mota za ta yi tari ko ta shaƙe a farkon taku. An saba da mai mai kaurin SAE 20, wasu kuma suna zuba man injin da ke cikin motar. Mai kauri yana ƙara fetur a taku amma yana sa amsa ta yi nauyi, marar kauri akasin haka. Abin da ba a sassauci a kai shi ne mai iri ɗaya, tsayi ɗaya, a duka biyun.

Cok fa?

Shi ne na ƙarshe. Farkon jan maɓallin, kimanin milimita 13, silo kawai yake ɗagawa ba tare da ya sauke jet ba. A nan ake saita sukurorin saurin cok biyu su taɓa tare, inji mai zafi ya tsaya wajen juyi 1,000 ko abin da littafinka ya ce. Idan an mayar da maɓallin, a bar ɗan sako-sako a wayar, kuma ka tura kowane jet sama da yatsa ka ga ko ya koma gida. Jet ɗin da ke maƙalewa a ƙasa bayan an mayar da cok yana shan fetur fiye da duk wani kuskuren saiti.

Na warware sukurun silo gaba ɗaya amma inji ya ƙi sauka.

Iska na shiga ta wani wuri. Kama ƙarshen sandar totur ka girgiza ta sama da ƙasa. Idan tana wasa, ita da raminta sun cinye. Irin wannan kafiretar ba ta saituwa, domin duk lokacin da totur ya rufe sandar tana zama a wani wuri dabam, silo ya canza. Ita ce asalin labarin nan na yau a saita gobe ta kwance. Maganinta sabuwar sanda da sababbin bushi. Wani dalilin kuma faifan totur ne da aka ɗaura a karkace, ko ɗan bawul mai sifirin da ke jikin faifan a samfuran shekarun 1970, wanda kan saki idan ya tsufa.

Fistin ɗaya ba ya faɗowa da ƙara.

Ko datti ne a cikin ƙoƙon, ko allura ta lanƙwashe, ko jet bai zauna a tsakiya ba. A wanke ƙoƙo da fistin da fetur ko maganin wanki da tsumma mai laushi. Kada a kusance su da sanfefa ko wani abin gogewa, domin tazarar da ke tsakaninsu a aune take, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Kowane fistin da ƙoƙonsa aka haɗa su tun daga masana'anta, don haka a kwance kafireta ɗaya a gama da ita kafin a taɓa ɗayar. A tsofaffin samfura masu kafaffiyar allura, ana sassauta notin da ya riƙe mazaunin jet, a bar allura ta daidaita shi, a ɗaure. Na baya masu allura a kan sifirin ba sa buƙatar haka.

Fetur yana zuba daga tukunyar kafireta.

Kashe inji nan take. Ko datti ya hana bawul ɗin tukunyar rufewa, ko fulot, abin da ke yawo a saman fetur yana rufe bawul ɗin, ya huje ya nutse, ko famfo ya fi ƙarfinta. Waɗannan kafiretoci matsi kaɗan suke so, wajen psi 2 zuwa 3, kuma famfunan lantarki da yawa na zamani sun wuce haka sai an sa musu abin rage matsi. Tsayin fulot shi ma yana cikin saiti, domin shi ke yanke inda fetur zai tsaya a cikin jet. A samfurin H ana auna shi da sanda mai kaurin milimita 11, a HS tazarar tana tsakanin milimita 3.2 da 4.8. Idan na gaba da na baya sun bambanta, notocin haɗi ba za su taɓa zuwa kusa da juna ba.

Motata Alfa Romeo ce mai Weber DCOE biyu. Duk wannan ya shafe ni?

Tsarin ɗaya ne: inji, wuta, satar iska, sannan iska, sannan fetur. Amma DCOE maƙogwaro biyu gare ta, don haka a injin silinda huɗu kowace silinda tana da nata, kuma wuri huɗu za ka auna. Akwai sukurun silo guda da ke buɗe duka, da wani sukuru a mahaɗin tsakiya da ke daidaita ta gaba da ta baya. Ana kwatanta maƙogwaro na 2 da na 3 a gyara da sukurun tsakiya. Idan maƙogwaro biyu na kafireta ɗaya sun saɓa, samfuran baya suna da ƙananan sukurorin iska na gyara hakan; a tsofaffi kuwa alama ce ta sanda ta murɗe.

Sukurorin haɗi huɗu ne, warwarewa na ƙara fetur, kuma silo kawai suke gyarawa. Tafiyar ƙaramin totur har wajen juyi 2,500 ko 3,000 tana hannun jet ɗin silo da ƙananan ramukan da ke kusa da bakin faifan, abin da ya wuce haka kuma na babban jet ne da jet ɗin iska. Wannan ya sa gyaran Weber sauya jet ne, ba juya sukuru ba. Idan sai ka buɗe sukurun silo da yawa kafin inji ya tsaya, faifan zai tone waɗancan ramuka tun a silo, sai mota ta riƙa shaƙewa a farkon taku. Dellorto DHLA ma kusan haka take.

Na sauya matatar iska da salansa. Sai na sauya allura?

Mai yiwuwa ƙwarai. Injin da ya sami sauƙin numfashi yakan nemi ƙarin fetur a tsakiya da sama, kuma noti ba zai ba shi wannan ba sai ya ɓata silo. Alamarsa ita ce mota na ja da baya a babban gudu, ko tana tari ta bakin kafireta, kuma idan ka ɗan ja cok sai ta warware. Kada a yi wasa da ƙarancin fetur a babban gudu, yana ƙona bawul yana huda fistin ɗin inji. Hawa tudu akasin haka yake yi: iska tana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 a mita 1,000 na farko, sai fetur ya yi yawa a haɗin. Fetur mai gauraye da itanol kuwa yana ɗan sa haɗin ya yi ƙarancin fetur, yana kuma cin tsofaffin robobi da tiyo, don haka a sauya su da irin da ke jure masa.

Ba gara in cire su in sa kafireta ɗaya in huta ba?

Ana yi, galibi da Weber 32/36 mai zuƙa daga sama, kuma mota tana tafiya. Amma ka auna abin da kake kwatantawa. Sabuwar kafireta ɗaya za ta fi tsofaffi biyu da suka cinye, wannan ba abin mamaki ba ne. Tagwayen da aka sake wa sanda da bushi da allura da jet su ne abin gwadawa, kuma a kan injin da aka ƙera dominsu ban ga abin da ya fi su amsa totur ba. MGB ta 1962 mai SU biyu tana ba da ƙarfin doki wajen 95. Wadda aka kai Amurka daga 1975 da Stromberg guda ɗaya ta yi ƙasa da haka nesa, ko da yake dokokin hayaƙi sun taɓa wasu sassan injin ma. Idan ka yanke shawarar sauyawa, ka adana tsofaffin da manifol ɗinsu da sandunansu a wuri busasshe, domin mai sayen irin wannan mota yakan tambaye su.

Sau nawa ya kamata a sake saitin?

Man ƙoƙo a duba shi duk lokacin da aka duba man inji. Daidaiton iska a auna shi sau ɗaya a shekara, bayan an gyara bawul da wuta, kuma sau da yawa za ka tarar bai motsa ba. Ka rubuta fuska nawa kowane noti yake, lambar allura, da irin man da ka zuba, ka ajiye takardar a cikin littafin motar. Ranar da ta fara tari, ka buɗe murfin distiributa ka duba kontak tukuna, sannan fulogi, sannan tiyoyin iska.